Furfurar Aro

Tun yana ɗan shekara ashirin da shida matarsa take kiransa Tsoho, har sunan ya bi shi, 'ya'yansa suka tashi suka tarar kowa a layin haka yake ce masa. Asalin abin kuwa aiki ne. A lokacin yana hukumar ruwa, cikin masu shimfiɗa bututu a ƙarƙashin titi, kuma shi ne mai yanka. Bututun wancan zamani na siminti ne, ruwan toka, ba ya tsatsa, zarto na shigarsa kamar ana yanka sabulu. Aibinsa ɗaya ne, ƙura. Kafin a tashi daga aiki mutum ya yi fari fat, gashin kai da gira da gashin baki.

Ita kuwa tun tana amarya bakinta ba ya hutawa. Da ta ji takunsa a matakalar bene sai ta buɗe ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Sannu da zuwa, Tsoho. Ina ka baro min mijina? Ni dai saurayi na sallama da safe."

Sai ta miƙa hannu ta kakkaɓe masa kai sau uku, ta dubi tafinta, ta ce, "Au, ashe furfurar aro ce. Ga mijina nan ya fito." Daga nan ta karɓi rigar aikin da wandon, ta shige ɗan ɗakin wanki da ke bayan kicin, ta ja ƙofa. Yana zaune a falo yakan jiyo ta tana kakkaɓe su kafin ta jiƙa, fat, fat, fat, tana yi tana 'yar waƙarta da ba ta da kai ba ta da gindi.

Yanzu furfurar ta zama tasa ta kansa. Ya ajiye aiki shekara goma sha ɗaya da suka wuce, yara uku sun watse garuruwa, saura Auta, malamar makaranta, wadda take leƙo su kullum in ta tashi. Maman yara kuwa wata na biyar ke nan tana kwance a ɗakin da ke kallon titi, ga tukunyar iska a gefen gado, ga 'yar roba a hanci. Abin ya faro ne da haki in ta hau matakala. Ta ce tsufa ne, ya ce ƙiba ce, suka yi dariya. Ƙibar ta zube, hakin yana nan. Ranar da Auta ta kai su asibiti, likita ya ɗaga hoton ƙirji ya nuna wani wuri da ya yi fari, ya ce, "Ruwa ne ya taru mata a nan." Sai Auta ta ce, "Baba, je ka karɓo maganin kafin layi ya yi tsawo." Ya fita da kalma ɗaya tak a kunnensa.

Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana bin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ka ce masa ruwa ya taru inda bai kamata ba, ai ka gama magana. Shi a saninsa ruwa ba ya zuwa wuri haka kawai, sai ya samu hanya.

Ana cikin haka bututu ya fashe a mahaɗar titin makaranta. Masu gyara suka haƙo guntunsa ya ruɓe, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen kwali. Wani ya ɗauki hoto da waya, kafin rana ta faɗi unguwa ta ɗauka: tsohon bututun nan da asbestos aka yi shi, wani sinadari mai cutarwa da ake gaurayawa da siminti, kuma yana zagwanyewa cikin ruwan sha. Mutanen da jiya ko jin kalmar ba su taɓa yi ba, yau kowa ya zama likita. Mai aski ya rantse tun bara yake jin ɗanɗanonsa a shayi. Mata suka ɗaɗɗaura ƙyalle a bakin famfo. Wanda ciki ya murɗa wa, asbestos. Wanda sanƙo ya kama, asbestos. Har da wadda ta ce shi ya sa ɗanta faɗuwa jarrabawa, alhali duk layin an san ɗan nata ba ya buɗe littafi. Amma a ƙarƙashin surutun tsoro ne na gaske, don kowa yana da yaro da ya ba shi ruwan nan da hannunsa.

Tsoho bai yi dariya da kowa ba. Ya taka har bakin ramin, ya sa aka miƙo masa guntun, ya juya shi. Kowane mai yanka yana da alamarsa, tasa tsaga uku ce ƙanana a bakin bututu, don in haɗi ya yi yoyo a san wanda za a nema. Ga su nan, uku, shekara arba'in ba su goge ba. Ya tsaya rana tana dukansa, lissafin ya haɗu masa da kansa. Shi ya shimfiɗa bututun, bututun ya ɓata ruwa, matarsa ta sha, ruwan ya taru mata a ƙirji.

A ranar ya ɗaure famfon kicin da waya, ya murɗe da filaya yadda ba mai iya kwancewa da hannu. Ya aro baro wurin mai kanti. Kullum da safe sai ya ɗora jarka huɗu ya tura har rijiyar burtsatse da ke bayan garejin manyan motoci, tafiyar minti arba'in, ya dawo, ya hau da su bene ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a kowace kwana yana dafe gwiwa. Wata uku yana wannan.

"Baba, za ka karya kanka a banza," in ji Auta wata rana da ta same shi zaune a matakala, jarka tsakanin ƙafafunsa.

"A banza? Ran uwarki ne banza?"

"Ba haka nake nufi ba. Ruwan nan fa ba shi ne..."

Muryar Maman yara ta fito daga ɗaki, siririya amma da kaifinta. "Auta! Ƙyale mahaifinki. Ruwan nasa ya fi daɗi."

Auta ta haɗiye sauran maganar, ta ɗauki jarkar ta shige da ita. Tsoho ya ji daɗi har cikin ransa. Yana ganin in dai ya daina ba ta gubar, jikin zai samu ya huta, ya fitar da wadda ta shiga. Duk lokacin da ta ci abinci da ɗan dama, sai ya ce ruwan ne ya fara aiki.

Ranar Asabar da hantsi aka yi taron unguwa a babban ɗakin makaranta. Hukuma ta turo wata injiniya, yarinya ce da ba za ta girmi Auta ba, da taswira a naɗe a hammata. Tsohon hedimasta, shugaban ƙungiyar unguwa, ya yi ta buga tebur, amma wa zai ji? Ta ce an ɗebi ruwa an kai gwaji. Aka ce ƙarya ne. Ta ce za a canja bututun kashi-kashi. Aka ce yaushe? Ta ce a kan shan sa cikin ruwa, masana har yanzu ba su gama tantance illarsa ba, abin da aka tabbatar shi ne shaƙar ƙurarsa. Wannan kam ba wanda ya saurara, don daidai lokacin mai aski ya ɗaga kwalbar ruwa yana cewa in ta isa ta sha a gabansu.

Tsoho ya miƙe. Da yake ba mai yawan magana ba ne a taro, sai wurin ya ɗan lafa.

"Ni na shimfiɗa shi," ya ce. "Da hannun nan. Daga mahaɗar makaranta har gidan mai. Taswirar da ke hannunki ma ba ta cika ba, akwai reshe biyu da ba a zana ba, ni na san inda suke. Ku ba ni mutum shida da zarto, cikin sati uku in fitar muku da shi guntu-guntu. Ni na sa shi, ni zan cire."

Aka tafa masa. Injiniyar ba ta tafa ba. Ta dube shi da kyau, ta ce, "Baba, don Allah in an tashi ka ɗan tsaya."

Da mutane suka watse suna ci gaba da gardamarsu a waje, ta shimfiɗa taswirar a kan tebur ta ba shi biro. Ya ja layi daga bayan kasuwa, ya ja wani ta gefen filin ƙwallo, har zurfin kowanne ya faɗa mata. Ta yi ta godiya, shi kuma ya ji wani ɗan alfahari da ya daɗe bai ji ba.

"Baba, na ji ka ce zarto. Da shi kuka riƙa yankawa?"

"Da shi. Daga baya aka kawo mana inji mai faifai. Wannan kam minti ɗaya ya gama, sai dai ƙura, har ba ka ganin na kusa da kai."

"Ba kwa jiƙa shi kafin ku yanka?"

Ya yi 'yar dariya. "'Yata, mu da muke kawo wa mutane ruwan, wa ya kawo mana?"

"Takunkumi fa?"

"Hankici dai nakan ɗaura, in na tuna."

Ta ajiye biron. "Shi ya sa ba za mu bari kowa ya taɓa shi da zarto ba. Yana kwance a ƙasa da sauƙi, in aka yanka shi a bushe ne yake zama abin tsoro. Ka taɓa yin hoton ƙirji?"

"Ni lafiyata ƙalau, jarka huɗu nake hawa da su bene. Matata ce ba lafiya. Ruwan nan ne ya taru mata a ƙirji, likita ma da bakinsa ya faɗa."

Ta ce, "Baba, ni ba likita ba ce. Amma ruwan da ke taruwa a ƙirji ba na famfo ba ne. Jiki ne yake tara shi da kansa in huhu ya samu matsala."

"To me zai ba huhunta matsala? Ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa bakin rami ba."

"Tufafin aikinku, a wurin aiki kuke barinsu?"

"A'a. Gida muke zuwa da su."

"Wa yake wanke maka?"

Tambayar na fita daga bakinta ta yi da-na-sani, ya gani a fuskarta. Ta fara cewa ba lallai ba ne, cututtuka suna da yawa, ya koma ya tambayi likitan. Ya ce ya gode. Ya tambaye ta abu ɗaya kawai, in haka ne me ya sa shi da ya yi wanka cikin ƙurar yake tsaye da ƙafarsa. Ta ce ba ta sani ba, wani yakan kamu wani ba ya kamuwa, kuma abin yakan yi shekara talatin ko arba'in yana kwance kafin ya tashi.

Hanyar gida ba ta fi minti goma ba, amma ta yi masa tsawo. Ya tuna Dogo mai haɗa bakin bututu, wanda tari ya kashe shekara takwas da suka wuce. Ya tuna Gajere, wani abokin aikinsu da shi ma tari ya tafi da shi. Duk an ce taba ce, shi ma ya ce taba ce, alhali ya sani sarai Dogo ko kusa da mai shan taba ba ya zama. Ya wuce baron a gindin bene bai kalle shi ba.

Da ya shiga bai nufi ɗakinta ba. Ya bi ta kicin ya tura ƙofar ɗakin wanki. Taku biyu ne tsawonsa, taku biyu faɗinsa. Ƙofar ta ja ƙasa da ƙyar kamar kullum, saboda robar da ke bakinta. Shi ya yanko ta daga tsohuwar taya, shekarar da babban ɗansu ya fara rarrafe, da ta yi ƙorafin ƙura tana biyowa ta ƙarƙashin ƙofa har inda yaro yake wasa. Ya buga ta da ƙananan ƙusoshi goma sha biyu, a jere ras, har ya kira ta ta zo ta ga aikin gwani. Ya ɗaga kai. Ga 'yar tagar nan a sama, a toshe da katako. Ita ma shi ya toshe, da maƙwabciyar ƙasa ta hau har bene tana faɗa wai ana zubo mata toka a kan shanya. Ya rufe ƙasa, ya rufe sama, ya yi aikin da ko iska ba za ta sami hanya ba, don shi mutum ne da ba ya barin yoyo. A nan take shiga ta ja ƙofa, kwana shida a sati, shekara talatin da ɗaya, tana waƙa.

Ya dafa bangon. Bai taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba, ko ranar da ya binne mahaifiyarsa. Wancan Allah ne ya yi, wannan kuwa ga ƙusoshinsa nan yana kallo.

Ya wanke fuska ya shiga wurinta. Tana jingine da filo uku, ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa.

"An tashi taron?"

"An tashi."

"Me suka ce?"

"Za su canja bututun."

"To madalla." Ta ja numfashi, tukunyar ta yi 'yar ƙararta. "Mai aski ya yi magana?"

"Ya yi."

"Ai na sani. Shi ko taron kurame aka kira sai ya yi jawabi." Ta zuba masa ido. Ya kau da kai yana gyara zanen gadon da ba abin da ya same shi. "Tsoho, ka shiga ɗakin wanki. Na ji jan ƙofar. Shekara nawa rabonka da shiga can?"

Ya ci gaba da jan bakin zanen.

"Wa ya gaya maka?" ta ce.

Ya zauna a bakin gadon. "Kin sani?"

"Tun ranar da muka aike ka karɓo magani. Kana fita likitan ya ce, mijinki aikin me yake yi. Na faɗa masa. Ya ce wa yake masa wanki. Na ce da wa zai masa, maƙwabta?"

"Auta ma ta sani."

"Ni na hana ta. Na ce in ta faɗa maka ban yafe ba."

"Kika bar ni ina tura baro wata uku, kamar mahaukaci."

"In ba ka da abin turawa zama za ka yi ka zuba min idon nan naka, ni kuwa ba zan iya da shi ba. Gara ka fita ka dawo da gumi kana murna." Ta tsaya ta huta. Magana doguwa yanzu sai ta raba ta gida-gida. "Kuma kullum ka shigo da jarkar nan fuskarka sai ta yi haske. Na ce bari in more ta."

"Ni na buga robar," ya ce. "Ni na toshe tagar. Ni na kawo miki shi har gida, kullum, a jikina, kina min sannu da zuwa."

"Ni na ce ka buga robar. Yara huɗu suka yi rarrafe a falon nan, ka ji ɗaya yana tari?" Ta lumshe ido ta buɗe. "Kada ka ɗauka ban ji haushi ba. Na ji. Sati biyu ko fuskarka ba na son gani, kai kana cewa ciwo ne ya sa na yi shiru. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi, na duba ka, ba ka sani ba. Na duba kaina, ban sani ba. Waɗanda suka sani kuma ban san fuskarsu ba, balle in zage su. Sai na gaji. Numfashin da ya rage min bai kai in kashe shi a kan fushi ba."

Ya buɗe baki zai ce ta yafe masa, ta ɗaga yatsa.

"In ka faɗa sai na yi kuka, in na yi kuka sai na shaƙe, Auta ta zo ta ce kai ne. Tashi ka ba ni ruwa. Na famfo nake so. Naka warin roba yake yi, wata uku ina haƙuri."

Ya ɗauko filaya ya kwance wayar. Famfon ya yi tari sau biyu, ya zubo ja, sannan ya washe. Ya bar shi ya zuba sosai kamar yadda yakan gaya wa mutane su yi, ya tara kofi ya kawo mata. Ta kurɓa kaɗan ta miƙo masa.

"Matso," ta ce.

Ya matso. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta ɗora a kansa, ta kakkaɓe sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ta juya tafinta ta duba. Ba komai a ciki.

"Wannan kam ba ta aro ba ce," ta ce. "To shi ke nan. Da tsohon zan ƙarasa."

A nan kukan ya ƙwace masa. Ya sunkuyar da kai ya bar mata shi, ta ci gaba da kakkaɓewa a hankali har hannunta ya gaji.